Mala'ika Ɗaya Ne ko Biyu

Gidanmu yana wani ƙauye ne tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Gida ne babba mai zaure ɗaya, amma ranar Juma'a rabin mazan gidan su yi wanka su nufi masallaci, ranar Lahadi kuma sauran rabin su ɗauki littafinsu su nufi coci. Mu muna cikin 'yan Lahadi. Kakanninmu Maguzawa ne. Da addinan biyu suka iso, Baba Tanko, ƙanen kakana, ya musulunta da iyalinsa, kakata Iya Kande kuma ta bi Almasihu da nata 'ya'yan. Ba a raba gona ba, ba a raba rumbu ba. In za a yanka akuya a sashenmu, daga sashen Baba Tanko ake kiran mai sa wuƙa, don kowa ya ci.

Da sanyi ya shigo, an gama da masara, Iya Kande takan hura wuta da totuwa a ƙofar ɗakinta bayan an ci tuwo. Duk yaran gidan nan muke taruwa, ba ta tambayar wane ɗan wane sashe ne. Mukan tura dankali cikin toka, mu matso jikinta, zanenta yana ƙamshin daddawa, don sana'arta ke nan. Sai ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tafe, wa zai tare ta?" Mu kuma mu ce, "Ta ƙaraso, muna nan."

Amma kafin tatsuniya akwai karatu. Iya ba ta iya karatu ba, don haka yayana Habila ne yake karanta mata Littafi Mai Tsarki da hasken wutar. Yana sakandare a Tudun Wada a lokacin, kuma shi ne ɗan lelenta. Maigidana take ce masa, irin wasan kaka da jika. Kusan kullum wuri ɗaya take so a karanta mata, labarin matan da suka yi sammako zuwa kabarin Almasihu suka tarar ba ya ciki, ya tashi daga matattu. Sai da na girma na gane dalili. 'Ya'yan da ta binne sun fi waɗanda ta aurar yawa.

Habila yana da aboki a gidan, Sani, jikan Baba Tanko. Sa'o'in juna ne, kekensu ɗaya, ajinsu ɗaya. Sani yakan zauna ya ji karatun yana ɓare gyaɗa. Wata ranar kasuwa suka dawo daga Tudun Wada ba mai yi wa wani magana. Ashe sun tsaya a rumfar mai sayar da kaset, inda aka saki wata muhawara tsakanin malamin Musulunci da mai wa'azin Kirista, mutane sun yi cincirindo suna saurare.

Da yamma Habila ya buɗe littafin kamar kullum. Bai yi nisa ba Sani ya ce, "Iya, ki tambayi maigidan naki, mala'ika nawa matan nan suka tarar a kabarin?"

"Maigida, nawa ne?" in ji Iya.

Habila ya daɗe yana juya shafi, ya duba nan ya koma can. Da ya ɗago, muryarsa ta yi ƙasa. "A nan ɗaya ne, Iya. A can kuma biyu. A nan mace ɗaya ce ta je, da sauran duhu. A can mata ne da yawa, rana ta riga ta fito."

Sani ya ce, "Wallahi ba zagi nake ba. Amma maganar Allah ba ta cin karo da juna. In ta ci karo, to hannun mutum ya shiga ciki."

Babanmu dattijo ne a coci, yana jin su daga ɗakinsa. Ya fito ya tsaya a kanmu. "Wanda ya ce ya ga ɗaya, ya ce maka babu na biyu ne? In na ce na ga Sani a kasuwa, na yi ƙarya don ban ambaci Habila ba?"

"To duhun fa, Baba, da fitowar rana?" in ji Habila.

Ba Sani ne ya yi wannan tambayar ba, ɗan Babanmu ne na cikinsa. Na ga fuskar Babanmu ta canza. Ya ce, "Rufe littafin nan." Ya juya ya koma ɗaki.

Iya ta ƙara totuwa a wuta. Ta ce ga wata nan tafe. Mu ƙanana kaɗai muka amsa.

Ta ce an yi wani manomi, Nomau, wanda gonarsa take hayin kogi. Wata rana da damina yana dawowa, ruwa ya cika ya tafi da shi. Mutum biyu suka sheƙo gari da labari. Masunci ya ce da idonsa ya ga mutum ɗaya ya janyo Nomau a can gangare, da ransa. Makiyayi ya ce shi ma ya gani, amma mutum biyu ne suka janyo shi. Aka kai magana gaban mai gari. Masunci ya rantse, makiyayi ya rantse. Kafin rana ta faɗi gari ya rabu, 'yan ɗaya da 'yan biyu. Matar Nomau tana bin su tana tambaya, a wace gaɓa kuka gan shi? Ba wanda ya juyo. Da ta gaji, ta ɗauki zane busasshe ta bi bakin kogi ita kaɗai.

Tana can tana nema, sai ga Nomau ya rarrafo ta wata hanyar har ƙofar gari, jikinsa duk laka, haƙoransa suna haɗuwa. Ya ce a taimake shi da wuta. Mutane suka kewaye shi.

A nan Iya takan maƙale murya ta yi irin ta mai gari. "Sannu, Nomau. Za a ba ka wuta. Amma faɗa mana tukuna, mutum nawa ne suka janyo ka?"

Sai ta mai da muryar ƙasa. "Ranka ya daɗe, a sume nake. Ban sani ba. Sanyi nake ji."

'Yan ɗaya suka ce wanda bai san wannan ba, ba Nomau ba ne. 'Yan biyu suka ce a karon farko sun yarda da 'yan ɗaya. Aka bar shi a nan aka koma fada aka ci gaba. Da matar ta dawo da zanenta, ta tarar da shi a jingine da bangon gari, ya riga ya sandare. Da gari ya ji, sai aka buɗe sabuwar gardama, sanyi ne ya kashe shi ko ruwan da ya sha.

"Nan ta tsaya," in ji Iya. "Wanda ya tsinci saura ya kawo mini."

Mu yara muka yi ta dariyar mutanen garin nan. Habila bai yi ba. Ya ce, "Iya, tatsuniyar ta yi daɗi, amma ba ta amsa ba. Masunci da makiyayi mutane ne, suna iya kuskure. Wannan kuwa an ce mana hurarre ne daga Allah."

"Na ce maka amsa ce?" in ji ta. "Ba na wurin, Maigida, ban ƙirga mala'ikun ba. Ni abin da na riƙe shi ne duk sun ce ba a same shi a ciki ba. In wannan ɗin ma ya kuɓuce maka wata rana, ka zo ka faɗa mini. Wurin zamanka yana nan."

Habila bai bar tambayar ba. Ya kai wa faston da muke da shi a lokacin, shi kuma ya ce irin wannan tambaya daga Shaiɗan take, ya je ya yi azumi. Ya yi azumin, tambayar ba ta tafi ba, sai ma ta haifi wasu. Ya sake ta da ita a taron matasa, a gaban kowa. Dattawa suka zauna, har da Babanmu, aka sa shi a horo. Aka mai da shi bencin baya, aka hana shi Jibin Ubangiji, gurasar da masu bi suke ci tare a coci, sai ranar da ya tsaya gaban jama'a ya ce ya yi kuskure. Ya ce a nuna masa kuskuren, zai faɗa da bakinsa. Ba wanda ya zauna da shi ya buɗe littafin.

Da labari ya kai kasuwa, wasu masu wa'azin Musulunci suka aiko Sani ya kawo shi. Suka karɓe shi hannu biyu, suka ce ya tsaya ranar kasuwa ya gaya wa jama'a abin da ya gano. Ya ce musu shi bai gano komai ba, tambaya yake da ita, kuma yana da wasu da zai yi musu su ma. Daga ranar ba su sake nemansa ba. Sani ya daina zuwa bakin wuta. Iyaye a sassan biyu suka fara kiran 'ya'yansu da wuri. Kafin sanyi ya zagayo, an ja danga a tsakar gidanmu.

Wata rana Babanmu ya ce wa Habila gidan dattijon coci ba zai ɗauki mai ja da Littafi ba. Habila ya ɗauki jakarsa ya durƙusa ya gai da Iya, ya fita. Muka riƙa jin labarinsa daga bakin direbobi. Yau a ce yana aikin tumatir a wajen Bagauda, gobe a ce yana lodin rake.

Ya yi shekaru kafin ya dawo. Na riga na zama budurwa. Ni na fara ganinsa a zaure, a zaune a ƙasa, ya rame, yana tari mai fitar da jini. Na ruga na faɗa. Babanmu bai fito ba, sai ya aika a kira dattawa. Suka zauna a ƙarƙashin ɗorawar ƙofar gida suna shawara ko ya halatta a shigar da shi kafin ya tuba, tunda horon bai ɗagu ba. Iya a lokacin ba ta gani sosai, da sanda take tafiya. Ta laluba har zaure, ta kama hannunsa ta ce, "Maigida, ka daɗe a hanya. Tashi mu je." Ta wuce da shi ɗakinta. Ba wanda ya iya tare ta.

A ɗakin ya yi sauran kwanakinsa. Ni nake kai musu kunu. Wata rana na ji yana ce mata, "Iya, har yanzu ban sani ba." Ta ce, "To. Sha kunun."

Da ya rasu, dattawa suka ce wanda ya mutu cikin horo ba ya shiga maƙabartar coci. Sashen Baba Tanko suka ce ba wanda ya ji ya yi kalmar shahada, ba za su iya sallatarsa ba. Kowa yana da hujjarsa, kuma kowa ya faɗe ta cikin ladabi. Gawar tana ɗakin Iya har rana ta take. Sai Sani ya ɗauki diga ya nufi gefen gonar masara. Can Babanmu ya bi shi da shebur. Su biyun suka haƙa kabari, suka binne shi a nan. Iya ba ta sake hura wutar ba, ita ma ba ta daɗe ba.

Ban bar coci ba. Na karanta wuraren nan sau da yawa, kuma har yau ɗaya ne a nan, biyu a can. Wasu ranakun bayanin Babanmu yana isata, wasu ranakun maganar Sani tana dawo mini, sai in riƙe abin da Iya ta riƙe. Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Nomau dariyar wawaye ce. Daga baya na ɗauka Iya tana kare littafinta ne. Yanzu ina ganin ba wannan ne a ranta ba. Ta san mutanen gidanta, ta ga inda suka nufa, ta faɗa musu ta hanyar da ta iya, mu kuwa muka yi dariya muka ci dankali.

Bara na je gida hutun Ista, bikin tashin Almasihu. An kawo sabon fasto, yaro ne mai karatu. Ya hau mumbari ya karanta labarin kabarin daga wurare huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce jama'a su lura akwai bambanci. Ya ce masana sun daɗe da sanin haka, sun yi ta rubutu a kai, wasu sun daidaita, wasu sun bar shi yadda yake, kuma duk matashin da abin ya dame shi ya zo ofis su zauna, tambaya ba zunubi ba ce. Coci ya ɗauka da amin. Na duba bencin dattawa. Biyu daga cikin waɗanda suka zauna a ƙarƙashin ɗorawa suna nan da ransu, suna gyaɗa kai.

Babanmu bai ce amin ba. Da aka tashi na riƙe masa hannu, don ƙafarsa ba ta da ƙarfi yanzu. Muna tafe, da muka zo mararrabar da ta nufi gonar masara sai ya tsaya. Ya daɗe yana kallon wajen.

"Rifkatu," ya ce, "ashe ana iya tambaya."

Na jira ya gama kallo, na ja shi muka tafi gida.