Alhaji ya tura agogon ordinatar gaba

Jama'a, yau agogo ya kusa raba ni da aikina.

Jiya na gama sa tsaro a manhajar koperatif ɗinmu, wato ƙungiyar manoma, a Tasawa. Ba ka shiga sai da lambar da wayarka ta ba ka, kuma ba ta daɗewa take mutuwa. Na gwada, ina jin komai daidai ne.

Da safe wakilan manoma suka iso daga Gidan Amumune don rabon iri. Duk wanda ya sa lambarsa, sai ordinatar, wato kwamfuta, ta ce lokacin lambar ya wuce. Na duba rezon intanet, lafiya lau. Shugabanmu Alhaji ya leƙo: "Malam injiniya, ko mu sallame su ne?"

Can na lura agogon babbar ordinatar ya wuce na wayata sosai, alhali lambar ba ta aiki sai agogon ordinatar da na waya sun zo daidai. Na ce, "Alhaji, ko wani ya taɓa agogon nan?"

Ya ce, "Ni na tura shi gaba, don ku daina makara sallar azahar."

Na roƙe shi na mayar da agogon daidai, kowa ya shiga. Amma ya ce gobe zai sake turawa.

Don Allah, ina ake samun agogon bango? Gara ya tura wannan.