Alwalar da Ba Ta Ƙarewa

Wata Juma'a ce cikin damina, shekarar da nake aji biyar na firamare a Kademi, gero ya fara fitar da kai. Ina tsugune a gindin darbejiyar tsakar gidanmu da buta a hannu, Baba yana zaure yana jirana mu tafi masallaci. Na wanke hannu, na kurkure baki, na zo fuska, sai wani abu a cikin kaina ya ce ban yi niyya ba. Na koma farko. Na kai ƙafa, ya ce akwai inda ruwa bai taɓa ba a gwiwar hannu. Na sake. Sai da na ƙarar da buta huɗu, laka ta taru a ƙarƙashina, rigata ta jiƙe sharkaf. Da Baba ya leƙo na ɗauka bulala ce za ta biyo baya. Sai ya yi murmushi ya ce da Inna, "Yaron nan ya fi mu tsoron Allah."

Daga ranar na zama Malam Ƙarami. Gidanmu gidan malamai ne, Baba yana koyarwa a Islamiyya, don haka sunan ya yi wa kowa daɗi ban da ni da Yaya Hadiza, wadda take jan guga ta cika randa in zo in kwashe. Maƙwabta suna yi wa 'ya'yansu gori da ni. Ni kuwa na daina langa, na daina ƙwallon tsumma a filin makaranta, don kada in taka inda jaki ya yi fitsari. A gona in na gama nome kunya sai zuciyata ta ce na tsallake wani gindi, in koma in bi ta da ido, ƙannena sun yi nisa ina nan. Tsakanin yatsuna ya tsage saboda ruwa. Ba tsoron Allah ne yake sa ni ba, tsoro ne kawai, tsagwaronsa, kuma ana ta sa mini albarka a kai.

Abin da nake tsoro yana bayan rumbunmu. Can akwai wani ɗaki mai ƙofar langa-langa inda aka ajiye Baffa Sale, ƙanin Baba, da mari a ƙafa. A da tela ne, har daga Gaya ake kawo masa ɗinki. An ce ciwon nasa da magana shi kaɗai ya fara. To ni ma ai magana nake ji a kaina. Sai na shiga gwada kaina a ɓoye. A hanyar makaranta in ƙirga ɗaya zuwa ɗari, in jero sunayen 'yan gidanmu, in na ci sai in ce da saura hankali. Yara suna cewa, "Mahaukaci bai san yana hauka ba," sai in ji sanyi a raina, tunda ni ina zargin kaina. Can kuma in ce wa ya sani ko Baffa ma ya zargi kansa tun farko. Ko wucewa na yi ta bayan rumbu na ji ƙarar ƙarfen nan, sai in dubi idon sawuna.

Bayan girbi na kasa riƙewa. Na sami Inna tana surfe ita kaɗai, na ce, "Inna, ina jin ciwon Baffa ne ya kama ni." Ta saki taɓarya, ta dubi katangar maƙwabta kafin ta dube ni, ta toshe mini baki da hannunta mai dusa. "Kul! Kar in ƙara ji. Mutanen Toranke masu neman auren yayarka suna bincike a kanta. Da ƙyar muka shawo kansu cewa iska ce ta shafi Baffanka a daji, ba gado ba ne. So kake a ce a jininmu yake?" Ta sa Baba ya yi mini rubutu na kwana bakwai, ta ce masa na haddar karatu ne. Na sha, na yi shiru. Aka yi bikin Yaya Hadiza lafiya lau, kowa ya ce gidan mutunci ta fito.

Shirun nan ya kai ni shekara ashirin da 'yan kai. Baffa ya rasu da marinsa. Sai da na yi aure na haihu, wani likita a Kano ya saurare ni na ɗan lokaci, ya ce ba hauka ba ne, ciwo ne sananne irin na waswasi, yana da magani. Na fito na zauna a kan benci na yi kuka, ba don murna ba, don takaici. Yanzu yaro yakan rubuta damuwarsa a waya ya ga ashe ba shi kaɗai ba ne. Ni a lokacina mutum ɗaya kawai nake nema ya ce mini, zo zauna, faɗa mini.

Bara na je gida na gaya wa Inna abin da likitan ya ce, ta tsufa, ido ya yi rauni. Ta rage murya ta ce, "Ba ka dai faɗa wa surukanka ba ko?" Na ce mata ban faɗa ba. Gaskiya na faɗa mata, kuma gaskiyar ce ta fi yi mini ciwo.