Wandunan da Ka Ƙara wa Faɗi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan jiya, da hantsi, Allah ya karɓi ranka, Yaya, kwana tara da fara yi maka wankin ƙoda. Shekara goma sha biyu kana fama da ciwon suga. Likita ya ce ciwon ne ya cinye ƙodar, kuma ba jiya ya fara ba. Wannan magana ta hana ni sukuni.

Duk layin teloli sun shaide ka. Kai kake ɗinka wa marayu kayan makaranta ka ce ragowar yadi ne, alhali sabo ka yanko. Ni ƙaninka, sau biyu ka farke rigar da na fara zuwa aiki da ita, wai kafaɗata ce karkatacciya, ba ɗinkinka ba.

Da muka je kwashe shagonka na ga wandunanka huɗu, duk ka farke ƙafafunsu ka ƙara ƙyalle, ɗinkin da sai tela zai gane. A durowar keken ɗinki, ƙarƙashin zare, ga takardar da likita ya rubuta maka gwajin ƙoda tun shekara biyu, ba ka je ba. Ashe kumburin ƙafa kake ɓoyewa.

Daga nan na zargi kowa. Na zargi mai kemis da ke miƙa maka maganin ciwon jiki ba tambaya, na zargi abokan hirarka. Na fi zargin matarka, tunda ita ke wanke wandunan. Na kasa daurewa, na tambaye ta.

Ta ce, "Na gani, Auta. Na yi kuka, na yi faɗa, ya ce kada in kuskura in tayar muku da hankali. Kai fa? Duk mako kana zuwa. Ba kai ka ce ya yi ƙiba ba, har kana tsokanarsa wai hutu ya karɓe shi?"

Ni ne na faɗa, Yaya. Har dariya ka yi.

Allah ya jiƙan ka, ya sa jinyar ta zama kaffara, ya haskaka kabarinka. Allah ya raya 'ya'yanka, ya ba matarka haƙurin rashinka. Ita kuma ina roƙon ta yafe mini, domin ita ta gani ta yi magana, ni na gani na yi maka barka.