Ranar da Muka Kai Ɓera Asibiti

Ranar wata Asabar, a farkon dogon hutun shekarar da na cika tara, na ɗauko Dabino daga kejinta sai na ji wani abu mai tauri a ƙarƙashin hammatarta, kamar ƙwayar wake. Dabino ɓera ce, ja-ja mai laushin gashi. Ita da 'yar'uwarta Madara, malamar ajinmu ce ta ba ni su da za ta bar makarantar. Muna zaune a wani bene a Landover. Baba yana aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington, Umma kuma nas ce a gidan kula da tsofaffi.

Duk Asabar, bayan na gama wanke-wanke, nakan wanke kejin, in yayyaga tsofaffin jaridun Baba in shimfiɗa musu, in yanka karas. Da yamma Dabino takan hau kafaɗata ta laɓe cikin hijabina, yaran benenmu su bar kekunansu su zo kallo. Umma kuwa ko ɗakina ba ta shiga sai na rufe kejin. Takan ce, "Mu a Kano ba a kiwon abin da ke cin buhu." Idan baƙi za su zo, sai a tura kejin bayan gado.

Kumburin ya yi ta girma har ya kai goro, Dabino ta fara jan ƙafa. Wata safiya Umma ta dawo daga aiki ta tarar da ni ina kuka. Sai ta wanke hannu, ta miƙa yatsa ɗaya ta taɓa wurin. Fuskarta ta koma irin wadda take zuwa aiki da ita. Ta ce ƙari ne, kuma ba a barin mai rai da ƙari.

Asibitin dabbobin unguwarmu suka ce karnuka da kuliyoyi kawai suke dubawa. Wani likita a cikin Washington ya gaya mana gaskiya cewa bai taɓa yi wa ɓera tiyata ba, Umma ta yi masa godiya ƙwarai. A ƙarshe Anti Rifkatu, 'yar Filato da suke aiki tare da Umma, ta ce ta ji labarin wata likita a Gaithersburg mai duba ƙananan dabbobi. Muka hau bas, muka shiga jirgin ƙasa, muka sake hawa wata bas, Dabino tana cikin kwalin takalmi a kan cinyar Umma.

Likitar dattijuwa ce mai furfura. Ta ɗora Dabino a kan ɗan ma'auni kamar na masu sayar da gwal, ta tambaye ni me take ci, ko tana atishawa. Umma ta shiga yi mata tambayoyi: ta taɓa yin irin wannan aikin, kuma za a hana ta abinci kafin a sa ta barci? Likitar ta ce ta yi sau da dama, kuma ɓera ba ya iya amai, don haka ba a sa shi azumi. Umma ta juyo gare ni ta ce a hankali, "Ikon Allah. Kin ji?"

Sai likitar ta sa min abin sauraron zuciya a kunne. Na zaci zan ji bugu ɗaya-ɗaya irin nawa, amma abin da na ji ya fi ƙarfin ƙirga, wani gudu ne mara yankewa daga ƙirjin da bai kai babban yatsana ba. Na miƙa wa Umma. Ta saurara ido a rufe, ta ce kamar ruwan farko a kan kwanon gidansu.

Aka yi aikin. Muka tarar da Dabino kwance a kan ɗan bargo mai ɗumi, da ɗinkin da ya fi na bakin hula ƙanƙanta. Umma ta sunkuya ta daɗe tana kallon ɗinkin. Ita ce ta riƙa ba ta maganin ciwo a gida, ɗigo ɗaya a kan ayaba. Dabino ta sake hawa kafaɗata, ta rayu har ƙanƙarar baɗi ta narke.

Yanzu 'yata takan nemo likitan zomonta a waya kafin in ɗauko makullin mota. Umma ta koma Kano, gwiwoyinta ba sa barin ta doguwar tafiya, kuma rabon da mu zauna kujera ɗaya a mota an daɗe. Na samu sauƙin hanya, amma na rasa abokiyar tafiya.