Gaisuwar Baba a Oba-Oba

Baba ba ya gajeriyar gaisuwa. In ya tare ka a hanya da "ina kwana", to sauke kayan da ke kanka, don sai ya tambayi iyali da gajiya da sanyi, har da jakin da ka sayar bara. Kuma ba ya jiran amsa. Kana cikin "lafiya lau" ya riga ya kai tambaya ta gaba. Mu 'ya'yansa mun saba. Inna kuwa takan ce ita rediyo ta aura, wanda aka manta ba a sa masa wajen kashewa ba.

A lokacin na yi aure, muna noman rani tare da shi a ƙasan dam ɗin Watari. Gonarmu ta tumatir da albasa tana can ƙarshen magudanar ruwa, a wani kwari da waya ba ta samun sabis sai ka hau tudu kana ɗaga ta sama. Shi ya sa ƙungiyar manoma ta sayo oba-oba, wato rediyon hannu na magana da juna, ta ba mai buɗe ƙofar ruwa ɗaya, ta raba sauran ga shugabannin layin gonaki. Baba ne shugaban layinmu. Mai buɗe ƙofar kuwa Kawu ne, taubashin Baba kuma amininsa tun suna kiwon awaki. Mutum ne mai sanyin magana, kalma ɗaya sai ya tauna ta kafin ya fitar.

Ranar rabon ina birni da kwandunan tumatir, daga baya aka ba ni labari. Mutumin da ya kawo na'urorin ya ce a danna madannin gefe a yi magana, in an gama a ce "oba" a saki, domin muddin kana danne ba za ka ji kowa ba. Baba ya ji rabin farko. Rabin ƙarshe ya same shi yana tambayar mutumin lafiyar mahaifiyarsa.

Washegari ya tsaya a bakin kwamin da ake tara wa shuka ruwa, ya gyara hula, ya danna. Ya zuba wa Kawu gaisuwa tun daga iyali har kan kaji, ya roƙi ruwa, sannan ya kara na'urar a kunne, yatsa na nan a danne. Shiru. Ya sake sallama, shiru. Sai ya murɗa ya kashe ta don kada caji ya ƙare, ya jefa aljihu. Ba a jima ba ruwa ya gangaro.

Zuwan ruwan shi ya ɓata komai. Da bai zo ba, da Baba ya ce na'ura ce ta lalace. Amma ruwa ya zo, wato Kawu ya ji shi sarai ke nan.

"Ya ba ni ruwa, ya hana ni amsar sallama," in ji Baba. "An ba shi mabuɗin ƙofa, ya zama gwamna."

Haka aka yi ta yi kullum safiya. Baba ya daina zuwa hirar la'asar a ƙofar gidan Kawu. Ranar Juma'a ya hau babur ɗinsa shi kaɗai, bai biya ya ɗauke shi ba kamar yadda suka saba. Kawu ma ya yi fushi a nasa ɓangaren, don shi a ganinsa Baba ne yake gaishe shi ya katse tun bai buɗe baki ba, kuma ba halinsa ba ne ya je ya tambayi dalili. Wasan taubasantaka daban, wannan kuwa gaba ce take neman shiga tsakanin tsofaffi biyu.

Da na dawo daga birni bayan 'yan kwanaki na tarar gidanmu tsit. Baba na cin tuwo ba ya cewa uffan. Inna ta ja ni gefe ta ce, "Ka bi babanka gona gobe. Wannan shirun nasa ya fi surutun tayar min da hankali." Ni ma raina bai so ba, don ban taɓa ganinsa haka ba.

Da safe na tsaya kusa da shi. Ya danna, ya yi sallama a daƙile, amma hali zanen dutse, sai da ya tambayi iyali. Ya kara a kunne. Na dubi babban yatsansa, ya danne madannin nan har farcen ya yi fari.

"Baba, saki yatsan."

"Na saki me?"

"Madannin. Ai in kana danne, kai kaɗai kake magana."

Ya saki. Na'urar ta yi ƙara shuu, sai ga muryar Kawu a hankali: "Wa'alaikumus salam. Iyali lafiya. Gajiya babu. Oba."

Baba ya dubi na'urar, ya dube ni. Ya danna. "Kai, dā ma kana amsawa?" Na zungure shi, ya ƙara da "oba" kamar an sa shi shan maɗaci, ya saki.

"Kullum," in ji Kawu. "Tun muna kiwo nake amsa maka kana magana. Ashe ba ka taɓa ji ba, sai da wannan aba ta tona. Oba."

Abin da su biyun suka manta shi ne, duk shugabannin layi suna tasha ɗaya. Sai ga dariya tana shigowa daga gonaki daban-daban, wani na dannawa wani na saki. Ashe duk kwanakin nan suna shan gaisuwar Baba kyauta, kowa na zaton wani zai gaya masa. Na tsuguna a kan kunyar gona ina dariya har da hawaye.

Baba bai yi dariya ba. Ya tsaya ruwa na bi ta ƙafarsa, ya dubi abin da ke hannunsa. Can ya danna.

"To yaya ƙafar taka? An ce tun damina take ciwo. Oba."

Ya ɗauke yatsa, ya kara a kunne, ya jira. Kawu ya ɗauki lokacinsa kamar kullum, Baba kuma bai katse shi ba.