Rigar Aron da Aka Sa wa Asusun Malam

Shekara da shekaru Malam, maigidana, yana ɗaurin gungumen katako a tashar jiragen ruwa ta Owendo, ni kuma ina tuwon sayarwa a bakin kasuwar Mont-Bouët. Da gwiwarsa ta ƙi, kamfanin ya sallame shi. Ba su cuce shi ba, gaskiya. Duk wata suna cire ɗan wani abu daga albashinsa su ɗora nasu a kai, suna tara masa a wani ofishin fansho. Ba kuɗin a-zo-a-gani ba ne, amma zai kai mu Kano, ya kuma rufa ɗaki biyun da muka tayar a bayan gidan yayansa. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne katin zamansa zai mutu ƙarshen wata mai zuwa. Ba aiki, ba sabuntawa, ofishin kuma ba ya biyan mai mataccen kati.

Ni na riƙa raka shi ofishin, don Faransancina na kasuwa ya fi nasa. Suka ce fasfo, muka kawo. Suka ce kati, muka kawo. Suka ce takardar wuta mai sunansa. Ina muka ga wannan? Mita ɗaya ce a gidan hayar, da sunan mai gidan. Sai da muka je wurin mai unguwa ya rubuta cewa ya san mu. Suka ɗauki hoton Malam, suka dangwala yatsansa. Muna cewa an gama, suka ce ba sa ba da kuɗi a hannu, sai ta asusun banki mai sunansa. Mutumin da tun zuwansa ƙasar nan a ambulan ake miƙo masa albashi! Muka je muka buɗe.

A nan Baba mai goro ya shigo maganar. Dattijo ne mutumin Maraɗi, teburinsa na jikin rumfata, kullum ni nake zuba masa na rana. Da ya ji asusun ba ko sisi a ciki, sai ya riƙe haɓa.

"Haba Malam! Asusu wayam? Ai in masu fansho suka leƙa suka ga ba komai, raina ka za su yi, su yi ta ja maka rai. Ranar da ka je neman auren yarinyar nan, ba ara maka babbar riga aka yi ba?"

Malam ya yi dariya ya ce an ara. Tun daga bayan sallar Juma'a Baba ya riƙa bin mutane rumfa rumfa, yana neman aron kuɗin da za a zuba a asusun. Tela ya kawo, mai atamfa ya kawo, mahauci ya kawo, a kan in fansho ya fito kowa ya karɓi abinsa. Baba ya fi kowa bayarwa. Malam kuwa kullum da safe sai ya ɗingisa zuwa banki ya zuba abin da aka tara jiya. Ni ma har daɗi nake ji, wai mijina yana da mutane.

Ranar da muka je jin ko kuɗin ya shigo, aka ce an rufe asusun. Aka kai mu wurin wata ma'aikaciya 'yar ƙasa, yarinya ce, ba ta da hayaniya. Ta ce sabon asusu, mai shi ba ya aiki, ga kuɗi na shigowa kullum ba a san daga ina ba. Doka ta ce su tsaya su bincika, kada a ce kuɗin haram ake halattawa ta hannunsa. Kafin a gama, fansho ba zai shiga ba.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Madam, dubi gwiwar nan. Ta yi miki kama da ta ɓarawo?"

Malam ya taɓa ni, ya zayyana mata gaskiya, har da wanda ya kawo shawarar da abin da ya bayar. Ta saurara, na ga tana danne dariya. Ta ce masu fansho ba sa ma iya ganin abin da ke cikin asusu. Amma yanzu duk wanda ya ba da kuɗi sai ya zo da shaidarsa, ya sa hannu cewa nasa ne, a mayar masa.

Kowa ya je, ban da Baba. Duk kasuwa an san katinsa ya daɗe da mutuwa. Daga teburinsa sai masallaci sai ɗakinsa, ko taksi ba ya shiga don tsoron shingen 'yan sanda. Tela ya ce bari ya sa hannu a madadinsa, Malam ya ƙi. Ya ce ya riga ya faɗa wa yarinyar gaskiya, kuma ba zai sa wani ya yi ƙarya ba.

Na ce, "To ka je ka yi masa magana mana!"

Ya ce, "Ba zan sa a kama dattijo saboda kwanon rufi ba."

Wallahi na ji kamar in fashe. Wata na tafiya, kati na tafiya, shi kuma wanda ya jawo mana yana zaune yana yayyafa wa goro ruwa. Ban iya faɗa masa a fuska ba, don a haife ya haife ni. Sai na daina sa masa nama a miya. Na san ƙaramin hali ne, amma haka na yi. Shi kuwa ya ci gaba da cinye tuwonsa yana sa mini albarka.

Saura 'yan kwanaki katin Malam ya mutu, da safe muka ji sallama. Baba ne, cikin farar rigarsa ta Idi, da jaka a hannu. Ya ce ya bar wa tela teburin, mu tashi mu je. A taksi carbi kawai yake ja.

A banki ya ajiye wa yarinyar mataccen katinsa a gabanta, tare da katin ofishin jakadancin ƙasarsu, wanda shi da ransa. Ta dubi na farkon, ta dube shi. Sannan ta tura masa abinsa da yatsa, ta ɗauki na biyun ta kwafa. Ta ce aikinta ta san mai kuɗi, ta kuma san shi, amma ya daure ya gyara takardunsa. Ya dangwala yatsa. Shi ke nan fa. Duk abin bai kai a dama fura ba.

Da muka fito, Baba ya zauna a kan dakalin bankin. Ya buɗe jakar yana neman goro, sai na hango abin da ke ciki: buta, darduma, da farin yadi sabo a ninke.

Na ce, "Baba, wannan fa?"

Ya ce, "Likkafanina ne, 'yata. Na ce in suka tafi da ni, ban san inda rai zai yi halinsa ba."

Malam ya ɗauki jakar ya rataya, da gwiwar tasa, ya ƙi ba ni in riƙe.

Kuɗin ya shigo katin na da sauran rai. Ranar da na yi tuwon ƙarshe a Mont-Bouët, na tsamo tsoka mafi girma a tukunya na sa wa Baba. Ya buɗe kwanon, ya ɗago ya dube ni.

"Au, yau an huce ke nan?"

Na juya ina gyara wutar da ba ta bukatar gyara, don kada ya ga idona.