Na ɗaga mota, Inna ta kasa shiga

Jama'a, yau na gaji da kaina.

Kun san na ɗaga akori-kurata a Gwarzo, na sa mata manyan tayoyi saboda taɓon hanyar Dugabau. Duk don in riƙa kai Inna asibiti da damina. Yau na je ɗaukarta, gwiwarta ta ƙi, ƙafa ta kasa kai matakin.

Ƙanwata ta mirgino turmi. Inna ta ce, "Abin da nake daka abincinku zan taka? Allah ya kiyaye."

Na ce bari in ɗaga ta. Ta ce, "A gaban mutane?"

Haka na tsuguna na sace iskar tayoyin gefenta biyu. Mota ta durƙusa, Inna ta shiga, ta gyara mayafi, ta ce, "To, mu je."

Mai facin da zai sa musu iska kuwa yana can Kabo, mu muna Dugabau.